Tiya Goma da Tanimu Ya Sauke

Tunda an kwashe kwanuka kowa ya wanke hannu, ku gyara zama. Kai da ke can baya kana lasar yatsa, matso kusa, don labarin nan na danginka ne. Sharaɗina ɗaya ne: ba mai tashi sai ya faɗi ra'ayinsa a ƙarshe, kuma ba na karɓar "ai duk ɗaya ne".

A garin Tudun Marke an yi wani mutum ana ce masa Tanimu Mai Awo. Sana'arsa awon hatsi a kasuwa, yana zaune a kan buhu tun hantsi har la'asar, tiya a hannu. Mutum ne mai faɗin zuciya, jikinsa kuwa ya fi zuciyar faɗi. In ya shigo lungun unguwarsu, mai keke sai ya sauka ya raɓe a jikin bango. Ba ya jin haushi in an tsokane shi, shi ne ma ke fara dariyar, tumbinsa na taya shi.

Ƙibar nan ba daga sama ta faɗo masa ba. A unguwarsu ana ciyayya irin wadda muka gama yanzu: bayan magariba magidanta tara kowa ya fito da kwanon gidansa ƙofar mai unguwa, a jera a ci tare. Sai dai tasu ta ɗauki wani salo. Allah ya ba Tanimu harshe. Loma ɗaya zai yi ya gaya maka kukar nan ta bana ce ko ta bara, daddawar kwananta nawa. Kuma ba ya kushe girkin kowa, ko miya ta tsinke sai ya samo mata abin yabo. Da haka matan gidajen nan tara suka mai da shi alƙalinsu. In maigida ya koma da kwano ba a tambayarsa ko ya ƙoshi. Tambayar farko ita ce, "Malam Tanimu ya ci nawa? Me ya ce?" In aka ce bai taɓa ba, ranar gidan nan ba walwala. Shi kuwa Tanimu ba ya iya ɓata wa kowa rai, saboda haka kowace yamma tuwon gida tara ke shiga cikinsa. Ni dai ban ce ba ya jin daɗin wannan aikin alherin ba.

Matarsa sunanta Tabawa. Shekararsu goma sha tara tare, suna zaman lafiya, amma ba su taɓa samun haihuwa ba. Sun yi addu'a, sun yi magani, daga baya suka bar wa Allah, suka daina ma tayar da maganar a tsakaninsu don kada ɗaya ya sosa wa ɗaya. Wata safiya yana shirin fita kasuwa sai ta riƙe masa bakin riga, kanta a sunkuye, ta ce jiya ta je asibiti, an ce tana da ciki wata biyu. Tanimu ya tsaya kamar an dasa shi. Sai murna ta kwashe shi, ya nufi masallaci da sauri don ya yi sujadar godiya. Rabonsa da sauri irin wannan ya fi shekara goma. Bai kai ƙofar masallacin ba jiri ya ɗebe shi, ya zube a ƙasa, sai da ƙarti shida suka haɗu kafin aka sa shi a mota.

Likitar da ta duba shi ba ta yi masa kwana-kwana ba. Ta ce jininsa ya hau inda ba a zama da shi, suga kuma yana bakin ƙofa. Ta ce za ta ba shi magani, amma magani shi kaɗai ba zai ɗauki wannan kayan ba, sai ya sauke kilo ashirin da biyar, in ba haka ba faɗuwa ta gaba ba lalle ya tashi ba.

Ta ce, "Malam, kana da yara?"

Ya ce, "Yana hanya."

Ta dube shi ta ce, "To ka zaɓa, ko ya san ka, ko a ba shi labarinka."

Maganar ta shige shi har ɓargo. A hanyar gida ya lissafa da irin lissafinsa, ya ga kilo ashirin da biyar tiya goma ke nan. Shi da ya shekara talatin yana auna wa mutane tiya goma kafin su gama gaisawa, yau ga tiya goma ta tsaya tsakaninsa da ɗansa. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba.

Tanimu na da aminai uku, sa'o'insa, rana ɗaya aka yi musu kaciya suka yi jinya a ɗaki ɗaya. Akwai Hudu mai faci, akwai Zakari wanzami, akwai Ɗayyabu tela. Su kaɗai ya kira zaurensa ya gaya wa abin da likita ta ce, da kuma maganar cikin. Ya ɗaure su da amana, domin Tabawa na tsoron baki, ta roƙe shi kada kowa ya ji sai cikin ya nuna kansa. A gabansu ya yi alkawari: kafin a haihu zai sauke tiya goma. Suka ce Allah ya taimaka. A zuciyarsu kowa ya san Tanimu, ya san alkawarin nan in an bar shi da shi kaɗai ba zai kwana bakwai ba. Bai kuwa kwana bakwan ba.

Na farko da ya motsa Hudu ne. Shan inna ya taɓa masa ƙafar hagu tun yana ƙarami, da sanda yake tafiya, yana jan ƙafar. Ya san in ya ce wa Tanimu ya fito ya motsa jiki don lafiyarsa, zai ce to, gobe. Amma ya san wani abu game da abokinsa: Tanimu ba ya yi wa kansa komai, sai dai ba ya iya ƙin mai roƙo. Saboda haka da aka idar da sallar asuba ya tare shi a bakin masallaci.

Ya ce, "Tanimu, an ce in riƙa taka ƙafar nan kullum zuwa bakin tafki, in ba haka ba za ta bushe. Ni kuwa tsoro nake in faɗi a hanya ba mai tayar da ni. Raka ni mana."

Ba wanda ya ce wa Hudu ya taka ƙafa. Shi ya ƙirƙiri abinsa a tsaye a nan.

Ranar farko ba su wuce gindin marken da ke bakin unguwa ba. Tanimu ya zauna a kan saiwa yana haki, gumi na tsiyaya daga gemunsa, Hudu ya jingina da sandarsa yana yi kamar shi ne ya gaji. Bayan mako suka kai ɗorawar da ke gaba. Bayan wata suka wuce makarantar firamare. Ran da suka fara hango ruwan tafkin Tanimu ya yi dariya har ya tsorata balbelu. Damina ta sauka, hanya ta yi santsi, Tanimu ya ɗauka ya samu hutu. Sai ga Hudu a ƙofar gida, ya yafa leda a ka, yana buga ƙyaure da sanda. Sau biyu ya zame ya faɗi a taɓo, Tanimu ya ɗaga shi, abin da ya ƙara tabbatar masa lalle rakiyar nan tana da amfani. Sai daga baya matar Hudu ta gaya wa Tabawa cewa kullum suka dawo ƙafar kumbura take yi, sai ta gasa masa da ruwan zafi kafin ya iya fita wurin facinsa. Wata bakwai Hudu bai fasa zuwa ƙofar nan ko safiya ɗaya ba.

To amma abin da safiya ta rage, yamma na mayarwa. Tanimu ya gwada taɓa kwano uku ya bar shida, washegari gidaje shida suka tashi da fushi. Ya gwada yin loma ɗai-ɗai, aka ce ya fara raina girkin mutane. Da tiyar farko ta sauka, wuyansa ya ɗan fito, sai magana ta canza. Wasu suka ce Tabawa ta daina kula da mijinta. Wasu suka ce tun faɗuwar nan ciwo ke cin sa a tsaye, bawan Allah. Mu kuwa kun san mu, ba mu san wani maganin rama ba sai cika kwano. Matan nan, saboda ƙauna tsantsa, suka ninka man shanu, suka ƙara malmala. Har kasuwa ake bin sa da fura da nono, wata ta aiko da farfesun ƙafar sa, wata da alkaki. Tanimu ya dubi kwanukan, ya tuna fuskokin masu su, ya sa hannu. Tiyar da ta sauka ta dawo, ta zo da ƙanwarta.

A nan Zakari wanzami ya shigo. Shi ne ke aske 'ya'yan unguwar duka tun ranar suna, saboda haka ba gidan da ba ya shiga har tsakar gida, kuma bakinsa ba ya hutawa, ko aska na kan maƙogwaronka labari yake ba ka. Ya kwana biyu yana juya abin a ransa. Ya ga matan nan ba za su sauke cokali ba sai sun san gaskiya, gaskiyar kuwa amana ce. Ya zaɓi ya ci amanar.

Ya fara da Iya Gaje, mahaifiyar mai unguwa, wadda miyar taushenta ta yi suna har ƙauyukan gefe, kuma in ta yi magana sauran matan ba sa tsallakewa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya gaya mata abin da likita ta ce, ya gaya mata abin da ke cikin Tabawa.

Ya ce, "Iya, ki yafe ni, amma miyar nan taki za ta mai da ɗan da ba a haifa ba maraya."

Tsohuwa ta ɗauki muciya. Zakari bai tsaya neman takalminsa na biyu ba. Kwana uku ba ta amsa gaisuwarsa, har ta ce jikokinta sun bar aski a wurinsa. A rana ta huɗu ta aika ya zo. Ya same ta idonta jawur, ta ce, "Shekara goma sha tara yarinyar nan tana jira. Faɗi abin da za mu yi."

Zakari ya bi sauran gidajen ɗaya bayan ɗaya, ya sha zagi a wasu, ya sha kuka a wasu. Dabarar da ya kawo ita ce ta sa nake cewa wanzamin nan ba kai kawai yake aske wa mutane ba, har abin da ke cikin kan yana gani. Bai ce su daina yi wa Tanimu girki ba, don ya san wannan kamar ya ce su daina numfashi ne. Ya ce a yi karɓa-karɓa, kowace yamma gida ɗaya ne zai fito da kwanon Tanimu, kuma a ɗan ƙaramin kwanon da Iya Gaje ta bayar, wanda zai riƙa zagaya gidajen. Sannan ya tsokano su, ya ce da man shanu da gishiri ai ko amaryar jiya ta iya daɗi, gwana ita ce wadda za ta cire su Malam Tanimu ya ci ya yaba. Shi ke nan gasa ta juya. Wannan ta yi kwaɗon zogale, waccan faten wake da alayyahu, wata miyar kuɓewa ɗanya da kifi da malmalar tuwon dawa guda ɗaya kamar dunƙulen hannu. Tanimu ya ci gaba da alƙalancinsa, kowace mace ta ci gaba da samun yabonta sau ɗaya a kwana tara, ba wadda ta ji an wulaƙanta ta.

Sai dai Tanimu ba wawa ba ne. Da ya ga ɗan kwanon ya san magana ta fita, ya kuma san bakin da ta fita. Tabawa ta yi kuka, tsoro ya hana ta sukuni. Ran Tanimu ya ɓaci ƙwarai, domin bai taɓa zaton Zakari zai yi masa haka ba. Ya daina zuwa aski. Kwana arba'in sumarsa na tofowa, in sun haɗu sallama kawai yake amsawa ya kau da kai. Zakari ya ji zafin abin, amma in an yi masa maganar sai ya ce, "Ya yi ta fushi da ni, in dai da ransa yake yi." Abin mamaki kuma, gidaje tara sun san da cikin nan amma ba wadda ta furta wa Tabawa ko kalma ɗaya har ya fito da kansa. Sai dai ta tashi ta tarar an cika mata randa, ko an karɓe mata surfe ba ta roƙa ba. Ita ce da kanta daga baya ta ce wa mijinta ya je a rage masa sumar nan, ya fara kama da mahaukacin kasuwa.

Shi kuwa Ɗayyabu tela mutum ne marar magana, siriri, tef ɗinsa kullum a wuya. Tun makon farko ya ce wa Tanimu duk Juma'a kafin masallaci ya biyo ta shagonsa. Sai ya zagaya ƙugunsa da tef, ya duba, ya ce "to", ya karɓi riga ɗaya ya rage mata faɗi. Tela in zai rage riga yakan ninke yadin ya bar shi a ciki, don in mai ita ya ƙara jiki a saki. Ɗayyabu bai yi haka ba, almakashi ya sa ya datse.

Tanimu ya ce, "Haba Ɗayyabu, ka bar shi a ciki mana. In na koma fa?"

Ya ce, "Ba inda za ka koma."

Ya tattara ƙyallayen ya zuba a wata jaka a ƙarƙashin keken ɗinkinsa. Tanimu ya ɗauka tsumman goge keke zai yi da su.

Aka yi wata huɗu ana haka, tiya shida ta sauka. Tanimu kan hau sikelin auna buhu a kasuwa duk ranar Laraba, 'yan kasuwa na yi masa shewa. Sai abin ya tsaya. Mako uku allurar sikeli ba ta motsa ba, ga tafiya yana yi, ga ɗan kwano yana bi. Ya fara karaya. A cikin wannan hali Babbar Sallah ta zo. Kowane gida ƙamshin suya, kowane zaure ka shiga sai an turo maka kwano, ranar Sallah kuwa ba karɓa-karɓa, ba wanda zai hana maƙwabci aiko da rabon layya. Tanimu ya ce yau kaɗai. Yau kaɗai ta zama kwana uku, kwana uku suka zama mako. Da ya hau sikeli ya ga tiya biyu ta dawo, ya sauko ya rufe rumfarsa ya tafi gida.

Kunya ce ta kama shi, ta fi tsoron ma ƙarfi. Ya ga ya wahalar da gurgu a banza, ya sa wanzami ya sha zagi a banza, ya sa matan gida tara sun canza tukunya a banza. Ya shige ɗaki ya ce wa Tabawa duk wanda ya zo ta ce ba ya jin daɗi. Hudu na zuwa kowace asuba ya buga ƙyaure, ya tsaya har rana ta fito, ya koma. Ɗan kwanon Iya Gaje na zuwa, Tanimu ya cinye, ya ɗora da soyayyen naman da ke cikin tukunya. Tabawa, da cikinta wata shida, ta zo ta zauna kusa da shi. Ya ce mata, "Ni haka Allah ya yi ni. Ki yi haƙuri." Ta fita tsakar gida don kada ya ga hawayenta.

A rana ta shida, bayan azahar, Ɗayyabu ya yi sallama. Bai jira a ce masa ba ya jin daɗi ba, ya shiga har ɗaki da wani ɗan ƙunshi a hammata. Ya zauna a bakin gado ya kwance shi a kan cinyar Tanimu. Ga ɗan bargon jariri an harhaɗa shi da ƙyalle-ƙyalle. Tanimu ya gane shuɗin rigarsa ta Juma'a, ya gane farar shaddar da ya sa ranar ɗaurin aurensu, ya gane mai ruwan ƙasar da yake zuwa kasuwa da ita. Ga 'yar hula da ba ta wuce tafin hannunsa ba. Ga kuma 'yar riga, an yi mata wuya har da ɗan aiki, sai dai hannunta ɗaya ne.

Ɗayyabu ya ce, "Hannu ɗaya ya rage. Yadin ya ƙare mini."

Tanimu ya dubi 'yar rigar, ya dubi tela.

Ɗayyabu ya ce, "Sauran yana jikinka. Ni kuwa ba zan sa masa yadin wani ba."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ya tashi ya fita, ya bar kayan a nan. Tanimu ya ɗaga 'yar rigar nan da yatsu biyu, ya daɗe yana kallon wurin da babu hannu, sai kuka ya ƙwace masa, irin kukan da babban mutum ke yi sau ɗaya ko biyu a rayuwarsa. Washegari da Hudu ya ɗaga sanda zai buga ƙyaure, ƙofa ta buɗe da kanta, ga Tanimu a tsaye da takalmi a ƙafa.

Daga nan bai sake waiwaye ba. Ba wai abin ya zama da sauƙi ba ne, akwai ranakun da ƙamshin tsire ke sa shi canza hanya yana salati. Amma da safe ga Hudu, da yamma ga ɗan kwano, ran Juma'a ga almakashi. Saura kwana shida Tabawa ta haihu ya hau sikeli, tiya goma ta sauka har da gyara. Likita ta auna jininsa sau biyu don ba ta yarda da na farko ba, ta rage masa ƙwayoyin magani, ta ce ya ci gaba da duk abin da yake yi. A Juma'ar nan Ɗayyabu ya datse ƙyallen ƙarshe ya ɗinka hannu na biyu.

Tabawa ta sauka lafiya ranar wata Talata da hantsi, ta sami ɗa namiji. Da labari ya iske Tanimu a kasuwa bai tsaya neman babur ba, da ƙafa ya tafi, kuma bai faɗi a hanya ba. An san uba da kunyar ɗan fari, amma mutumin da ya jira shekara goma sha tara ya ce a kai kunyar kasuwa. Ya zauna aka miƙo masa yaron, ya ɗora shi a kan cinyarsa. Da can ba shi da cinya, tumbi ya mamaye wurin. Yau ga wuri ya samu, daidai yaron, kamar an auna.

To ga inda gizo ke saƙar. Yaro na buƙatar suna. Sunan mahaifin Tanimu 'yan'uwansa sun riga sun sa har sau uku, na mahaifin Tabawa ma haka. Ita ce ta fara cewa, "Malam, a cikin mutum ukun nan za ka yi wa ɗaya takwara. Ba don su ba da wani ne zai raɗa wa yaron nan suna." Ya ce ta zaɓa. Ta ce ita ta haifa, nata aikin ya ƙare. Wani zai ce ai Tabawa da Iya Gaje ma sun yi ƙoƙari. Sun yi, amma yaron namiji ne, kada ku ɓata mana lokaci. Wani zai ce a haɗa sunayen uku. Wannan yaro ne, ba motar haya ba.

Kwana shida Tanimu na juya abin. In ya tuna Hudu sai ya ga ƙafar nan kumburarriya a cikin ruwan zafi, safiya fiye da ɗari biyu. Ba don shi ba da bai taɓa ɗaga ƙafa ba, sai dai tafiyar kaɗai ba ta hana tiya dawowa ba, kuma da ƙarya aka fara ta. In ya tuna Zakari sai ya ga mutumin da ya yarda ya rasa amininsa don aminin ya rayu, ya juya tukwanen gida tara ba tare da ya ɓata zumunci ba. Ba don shi ba da ƙaunar maƙwabta ta kai shi kabari, sai dai amana ya ci, kuma da cikin nan ya sami matsala da ba a san abin da za a ce ba. In ya tuna Ɗayyabu sai ya ga 'yar riga mai hannu ɗaya. Shi bai sha ruwan sama ba, bai sha muciya ba, a inuwar shagonsa ya yi nasa. Amma ranar da sandar Hudu ta kasa buɗe ƙofa, kwanon Zakari ya kasa hana shi tukunya, shi ne ya fito da shi, ba don haka ba da wahalar sauran biyun ta tashi a banza.

Safiyar suna ta yi. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, an raba goro, rago na ɗaure a gindin bishiya. A cikin gida matan nan tara sun haɗu a kan tukunya ɗaya, yaro na hannun Iya Gaje sanye da 'yar rigarsa mai hannu biyu. Hudu na zaune ya miƙe ƙafarsa, sanda a gefe. Zakari na wasa askar da zai aske jaririn da ita, yau bakinsa shiru. Ɗayyabu na can ƙarshen tabarma da tef a wuya, ko ranar suna bai cire ba. Ba ɗayansu da ya roƙi komai, ba ma wanda ya san ana wannan shawara. Liman ya gyara rawani, ya karkato da kunnensa wajen Tanimu, ya ce a hankali, "Malam Tanimu, mene ne sunan yaro?"

Tanimu ya dubi na farko, ya dubi na biyu, ya dubi na uku, ya buɗe baki.

Ni a nan zan tsaya. Liman na jira, rago na jira, mai lasar yatsa ma na ga ya daina. To ku gaya mini, tsakanin Hudu da Zakari da Ɗayyabu, sunan wa ya kamata yaron nan ya ɗauka?